Motar da ta Cinye Jakan Maccido

Kakana Maccido mai jakai ne a Illela, zamanin da Turawan Ingila ke wannan gefe, na Faransa na can Ƙonni. Gishiri da kanwa yake ɗaukowa, ya kai goro. Mutum ne mai hankali, wallahi, har ranar da ya ga mota.

Wani Bafaranshe ɗan kasuwa ne zai koma ƙasarsu, ya karyar da tsohuwar motarsa, irin ta da mai ƙafafun katako. Maccido ya duba ta yadda ake duba jaki. Ya zagaya, ya bubbuga ƙafafu, ya saurari kukanta, ya ce lafiyarta lau. Rabin garkensa ya sayar ya biya. Da rawaninsa yake goge mata ƙura, abin da bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba.

Sayen kaɗai ne ya yi araha. Jaki ka sake shi ya yi kiwo, ita kuwa ko mai sai an saya mata. Kayan gyaranta ma sai daga Ƙonni, don na Sakkwato ba sa shiga jikinta. Duk ciwon da ta yi, jaki guda ya tafi. Ana haka babban yaƙin Turawa ya tashi, aka rufe iyaka, wani ƙarfe kuma ya karye a cikin injin. Lokacin saura jaka ɗaya a gidan, baƙa, mai ciki, ana ce mata Duna. Ita ke jigilar ruwa da itace zuwa kasuwa, da ita gidan ke cin tuwo.

A wurin mai jakai, dabba in ta ji ciwo hutu ake ba ta. Sai ya kafa wa motar rumfa, ya shimfiɗa mata kara a ƙasa kamar turke, ya lulluɓe ta da zana har ƙasa. Damina guda bai yarda kowa ya ɗaga ba, wai tana jinya. Kai, abin na ba ni haushi har yau!

Da kaka wani ɗan fasa-ƙwauri ya ce zai tsallako masa da ƙarfen, amma Duna yake so. Kakata Raliya ta tsaya a bakin turken Duna, ta riƙe igiyarta.

“Maigida, mi za mu ci? Ƙarfe?”

“Ki yi haƙuri, Raliya. In ta tashi, garke zan maido miki.”

Ta saki igiyar, ta shige ɗaki tana kuka.

Aka ɗaura ƙarfen, injin ya tashi da ruri, unguwa ta taru. Maccido ya hau yana murmushi. Motar ta motsa kaɗan, sai ƙafar gaba ta burme, ta baya ta bi ta. Gara ce ta bi karan nan ta hau, ta cinye katakon ta ciki, ta bar fenti.

Kafin sanyi ya wuce, Maccido ya shiga korar jakan wani falke don abin da gida zai ci. Ashe shi aka sayar wa Duna. Ranar farko da ya yi wa garken tsawa, ta juyo ta nufo shi, ɗanta na biye. Mai garken ya ɗaga murya daga baya:

“Malam, kore ta mana! Taka ce?”