Sufrar da Kaka Ya Zo da Ita Daga Jirgi

Wallahi abin nan ya faru a falonmu a unguwar Anbariyya da ke Madina, ina aji na biyu a mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, don ni aka ɗora wa laifi.

Kakana, baban Umma, da ƙuruciyarsa yana kai abinci tebur a wani jirgin ruwa na shaƙatawa. Wani attajirin Bature ne ya sa aka ƙera wa kansa, daga baya wata gwamnati ta saya, aka sake fenti da suna, ya zama jirgin shugaban ƙasa, Kaka na ciki bai sauka ba. Da mulkin ya faɗi aka ɗaure jirgin a tasha, tsatsa ta cinye shi, Kaka ya zo Hajji bai koma ba. Abin da ya fito da shi kawai farin ƙyallen tebur ne, shi muka mayar sufra, wato shimfiɗar cin abinci. A kusurwarsa akwai tambarin shugaba, amma in ka ɗaga a haske za ka ga ramukan allura inda aka warware sunan Baturen.

Kafin a ci abinci sai Kaka ya yayyafa masa ruwa. Umma ta ce, "Baba, ina teku a Madina?" Shi kuwa ya kalle ni ya ce, "Amaryata, in teku ta tashi, jiƙaƙƙen ƙyalle ne ke riƙe faranti."

Bayan rasuwarsa ni nake shimfiɗa sufrar in na dawo makaranta. Da hannuna nake ɗauko ta a bushe, in je ɗauko tire, in dawo in tarar da danshi. Umma ta ce ina kwaikwayon mamaci, ba kyau. Na ce ba ni ba ce, yayana ya yi dariya ya ce, "Kazzaba," wato maƙaryaciya.

Wata rana da azahar na zauna na zuba ido. Shayin da ke cikin kofi ya karkata gefe ɗaya, a hankali ya koma ɗaya gefen, kofin bai motsa ba. Wani dabino da ya faɗi a kan tayil ya gangara har bango, ya sake dawowa. Na ɗanɗana bakin ƙyallen. Gishiri.

Na gaya wa Umma, ta ce, "Khalas, ya ishe ni, fitar da ƙyallen nan zan yi." Na roƙe ta, na ce shi kaɗai Kaka ya bari. Washegari kafin in dawo ta jefa shi a akwatin kayan sadaka na bakin masallaci, ta sayo sufrar leda.

Mun zauna kenan, kwanon miya ya sulale daga gaban Umma, ya bi ledar nan tiryan-tiryan har ƙarshe ya kife. Ba wanda ya taɓa shi. Umma ta yi salati, ta zari abaya ta fita, ta tarar an riga an kwashe akwatin.

Har yau ba ta ce "ashe gaskiyarki" ba, kuma wannan ne ke cina. Amma ina lura da ita, da hannu biyu take riƙe kofin shayi.

Ku da kuke da tsofaffi a gida, in kun ga suna wani abin da ba ku gane ba, ku tambaya tun suna nan. In kuma kun sayi farin ƙyalle a gwanjo kuka ji shi da danshi, kada ku shanya shi.