Lotsin Ƙofar Akori-kura

Malam Muntari Hashim yana da shekara sittin da takwas, kuma tsohon mai gyaran jikin mota ne, irin waɗanda ake kira fanalbita. Yana zaune a Runjin Sambo, a gidan da ya gina lokacin da hannunsa ke da ƙarfin ɗaga guduma. Matarsa Rabi ta rasu. Ɗansa Anas yana aiki a Kaduna. 'Yarsa Ummulkhairi tana gidan aurenta, takan leƙo shi ranar Juma'a da kwanon abinci. Sauran kwanakin kuwa daga shi sai rediyo, sai ƙananan motocinsa.

Motocin ba su wuce tafin hannu ba. A kwali suke zuwa gutsi-gutsi, duk na roba. Sai mutum ya yanke kowane yanki, ya goge, ya haɗa da gam, ya yi fenti. Wani ɗan kasuwar Sabon Gari mai suna Kabiru, wanda ke sayo kaya daga ƙasashen waje, shi ya fara kawo wa Muntari ɗaya bayan Muntarin ya ajiye aiki. Tun daga nan Muntari bai daina ba. A kan katako kusa da randa yake jera su, domin zafin bazara ya taɓa lanƙwashe masa rufin wata a bakin taga.

Maƙwabta ba su gane abin ba. Wasu na cewa tsufa ya mayar da shi wasan motar kara, shi kuma ba ya tanka musu. Abin da ke damunsa daban ne. Kusan duk kwalin da ya zo, motar tsere ce ko wata doguwar mota da bai taɓa ganin ta taka titin Sakkwato ba. Ya sha roƙon Kabiru ya nemo masa Fijo akori-kura, ko babbar mota mai jikin katako irin wadda ke ɗaukar albasa zuwa kudu. Ummulkhairi ma ta duba masa a waya har ta gaji.

"Baba, ban gan ta ba," in ji ta. "Ƙila ba su san ana son ta ba."

Akori-kurar da yake nufi ta abokinsa ce, Alhaji Sirajo, wanda ya yi shekaru yana jigilar hatsi da ita tsakanin Sakkwato da Illela. Kullum a garejin Muntari take kwana idan ta samu matsala. An daɗe da sayar da ita ga masu gwangwan. Cikin waɗanda suke zaman garejin nan, Sirajo kaɗai ya rage, yana Kwalkwalawa a gidan ɗansa, ciwon suga ya cinye masa gani. Muntari ya san idan Sirajo ya tafi, ba sauran wanda zai nuna wa motar ya ce, "Ka tuna ta?"

Da ya ga jiran sabon kwali ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ɗauko wata tsohuwar Fijo ta ɗaukar mutane da ya haɗa tuntuni, ya yanke bayanta da reza. Ya buɗe gwangwanin madara ya daddaƙe shi ya yi bodi. Da tsinken tsintsiya ya yi shingen da ake jingina buhuna. Hannunsa na rawa yanzu, don haka aikin ya ci damina guda. Ya yi mata farin fenti, ya goge ta sumul, kamar yadda ya saba sallamar kowace mota.

Ya naɗe ta a hula, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Kwalkwalawa. Ya tarar da Sirajo a zaure kan tabarma.

"Wa nika ji awa Muntari mai wasan yara?" in ji Sirajo.

"Ni na, Alhaji. Miƙo hannunka."

Sirajo ya karɓa. Ya bi ta da yatsu, daga fitila zuwa gilashi, ya shafa shingen baya, ya yi murmushi. Da babban yatsansa ya iso ƙofar direba sai ya tsaya. Ya sake shafawa.

"Wagga ba tawa ta ba."

"Taka ta mana."

"Ina wurin raƙumi?"

Nan take Muntari ya tuna. A kasuwar Illela wani raƙumi ya taɓa harbin ƙofar har ta lotsa. Sau da yawa Muntari ya ɗauko guduma zai fitar da lotsin, Sirajo ya hana, yana cewa da shi yake gane motarsa cikin fararen motocin tasha.

"Ka jira sai da na makance ka gyara ta," in ji Sirajo, yana dariya har da tari. "Fanalbita dai ba shi tuba. Amshi abinka."

Muntari ya koma gida da ita a cikin hula. Ya ajiye ta a kan katako, ya yi kwanaki yana kallonta. Tun yana saurayi aikinsa fitar da lotsi ne, bai taɓa saka shi da gangan ba. Daga baya ya ɗora bakin cokali a garwashi, ya jira ya yi zafi, ya danna a ƙofar, ƙasa kaɗan da mariƙi, inda ya san ƙafar raƙumin ta sauka. Bai sake fentin wurin ba.

Ranar Asabar da ta wuce ya sake komawa wurin Sirajo da motar. Sirajo ya laluba ƙofar, yatsansa ya faɗa cikin lotsin, ya daɗe bai cire ba. Sai ya tura motar ƙarƙashin matashinsa. Muntari ya zauna har aka yi la'asar, sannan ya dawo Runjin Sambo shi kaɗai, ya share ƙurar gurbin da ta bari a kan katako.