Katin da Yaya ya aiko daga Prag

Shekarar da rediyo ya ce tankokin yaƙi sun shiga birnin Prag, yayana yana can yana karatun likita. Wata biyu ba wasiƙa, hankalin Inna duk ya tashi. Ran nan wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya taho mana da kati daga Parakou har gidanmu a Djougou, mai hoton wani tsohon agogo a jikin hasumiya. Na karanta mata: Yaya ya ce agogon ya haura shekara ɗari biyar, kowace awa 'yan mutum-mutumi kan leƙo ta tagoginsa, shi ma yakan tsaya kallo.

Inna ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Mai tsayawa kallon agogo ai lafiyarsa ƙalau. Maza ki kai wa babanku kasuwa ya gani."