Ramuwar da Na Yi a Gashuwa

A shekarun da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga Nguru, duk matar da ta so yi wa mijinta gori sai ta ce masa ya je gidanmu ya ga yadda ake riƙon mace. Ba yabon kai nake yi ba, haka abin yake. Maigidana asalinsu Kanawa ne, gyaɗa da fata yake saye, kuma Allah ya buɗa masa. Ni ina cikin gida, an kama mini masu daka da masu ɗebo ruwa, aikina in zauna a gindin ɗaki in ce a yi kaza, in ɗanɗana miya. Man shanu ba ya yanke mana, fura da nono kuwa kamar ruwan sha. Jiki ya samu wuri ya baje. Zane ɗaya ya daina zagaye ni sai an ƙara masa ƙyalle, awarwarona sai da maƙeri ya buɗe su. In na shiga gidan biki sai a matsa mini, ana cewa masha Allah. A lokacin, ƙibar mace ita ce shaidar arzikin mijinta, kuma ni na san na cika shaida.

Gwiwa ce ta fara kai ƙara, ban saurare ta ba. Sai wata la'asar na yi sujada, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro, na yunƙura in tashi na kasa. Na sake yunƙurawa, sai na mirgine gefe kamar tulun da aka ture. Daga ranar na koma salla a zaune, ƙafafu a miƙe, ina ɗan sunkuyar da kai a madadin sujada. Malamin unguwarmu ya aiko cewa babu laifi, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Na yarda da shi, amma raina bai kwanta ba. Kakata da ta haifi uwata ta ga jikokin jikokinta, kuma har ta koma ga Allah goshinta na taɓa ƙasa. Ni ga ni furfura ba ta ko fara fito mini ba, ina salla kamar mai gyangyaɗi.

Ina cikin wannan hali taubashiyata ta zo daga Gashuwa da kwandon bandar kifi. 'Yar ƙanwar babana ce, tana auren wani Babade masunci. Ni 'yar namiji ce, ita 'yar mace, saboda haka a wasanmu na taubasai ni ce uwargijiya, ita ce baiwa, tun muna yara haka nake kiranta. Siririya ce kamar karan dawa, bakinta kuwa ya fi jikinta nauyi. Ta tarar da ni ina sallame salla a zaune, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Uwargijiyata, sarautar ce ta kai har Ubangiji ma ba a tashi masa?"

"Ke baiwa, rufe mini baki. Gwiwa ce."

"Gwiwa me ta yi? An ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya durƙusa, sai a ce jaki ne da laifi? Ki biyo ni Gashuwa in sauke miki buhunan nan."

Na zage ta tas, ta yi dariya har da hawaye. Amma da za ta koma na ce wa maigida zan je ganin dangi. Ya yi mini guzuri kamar mai tafiya Makka, muka hau lori bayan ruwa ya ɗauke.

A Gashuwa na gane cewa baiwa in ta samu uwargijiya a hannunta ba ta da tausayi. Gidansu na kusa da kogi, babu mai yi mata aiki. Da safe sai ta miƙo mini taɓarya. Kwanakin farko ina yin luguden da bai kai a kira shi lugude ba sai in zube, tafin hannuna ya yi bororo. Da hantsi mu tafi kogi da tulu, ita da babba a ka, ni da ɗan ƙarami, ina tafe ina tsayawa, yaran masunta suna kallona. Abinci kuwa burabusko ɗan kaɗan da miyar kuka da kifi, babu mai, sai kwaɗon rama tuli guda. Guzurina na man shanu da kilishi ta rabar wa maƙwabta a gabana, wai sadakar uwargijiyarta ce.

"Kullum rama, kullum rama?" na ce mata.

"Ai ita muka zo nema. Ci rama ki rame."

Ba ta taɓa ce mini na ragu ba, ko da zanena ya fara sakwarkwacewa. In na tambaye ta sai ta ce ita ba dillaliyar shanu ba ce da za ta riƙa taɓa tozo. Abin da take dubawa ɗaya ne. Kowace yamma za ta sa in zauna a ƙasa kusa da turmi, ta ce in tashi. Da fari sai na dafa turmin da hannu ɗaya, ita ta ja ɗayan. Aka jima na iya tashi da turmin kaɗai. Ranar da abin ya ƙi, sai ta ce, "Jiya kin tashi, gwiwar ba ta manta ba, gobe ma rana ce." Wannan tashin daga gindin turmi shi ya riƙe ni, don abu ne da nake ji a jikina yana canzawa.

Inda na kusa karaya shi ne wani suna da aka yi a cikin gari, gidan wasu fatake da suka san maigidana. Matan Nguru sun zo. Ina shiga wata dattijuwa daga unguwarmu ta dafe ƙirji ta sa salati.

"Ke kuwa me ya same ki? Ciwo kika yi? Ko kasuwar ce ta juya wa maigidan baya?"

Sauran suka bi wuyana da ya faɗa da kallo. Ni da ake matsa wa wuri, yau ake kallo da tausayi. Sai taubashiyata ta tsoma baki daga bayana.

"Haba Inna, ramuwa take yi. Kin san mai yawan haihuwa."

Nan take fuskoki suka sake. A wurinsu ramuwar azumi ake nufi, wanda mace ke sha saboda ciki da goyo ta biya daga baya. Suka shiga sa mini albarka, wata na cewa ita ma akwai nata a kanta ta kasa ramawa, Allah ya ba ta irin himmata.

Duk da haka da muka koma gida na ɗaure kayana. Na ce gobe zan bi lori, ba zan zauna a mai da mijina abin zunɗe ba. Taubashiyata tana gyaran kifi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sauka lafiya, baiwa ba ta tsare uwargijiya. Amma in tambaye ki, sallar nan matan Nguru kike yi wa?"

Na jawo ƙullin kayana kusa da ni, ita kuwa ta ci gaba.

"Kuma kin ga na riga na faɗa a gaban mutane cewa ramuwa kike yi. In kin tafi kin bar ni da ƙarya a baki, ni da ban saba ba."

"Ke ce ba ki saba ƙarya ba?"

"To, ban saba a kama ni ba."

Dariya ta ƙwace mini, na kwance kayan. Da na zauna na yi tunani, lallai akwai azumin goyo da bai gama fita daga wuyana ba. Sai na ɗauki Litinin da Alhamis ina ramawa, don maganarta ta zama gaskiya. Ita ma ta riƙa taya ni, wai kada in ci lada ni kaɗai. Muna buɗe baki da kunun tsamiya da kifi gasasshe, tana hana ni ƙari. Haka muka yi har kogi ya ja baya, aka fara shuka a fadama, na wayi gari ina ɗaukar babban tulu.

Ranar da na koma Nguru maigida ya fito zaure ya gan ni, fuskarsa ta canza. Ya bari sai da muka shiga ciki.

"Uwar yara, me na yi miki? Gobe a kasuwa za a ce na karye."

"Malam, ka yi haƙuri zuwa la'asar."

Da aka kira salla na yi alwala, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda zai gani daga ƙofar turakarsa. A Gashuwa na sha gwadawa ina dafa bango, amma ranar ban nemi bango ba. Na tsaya na kabbara. Na yi ruku'u, gwiwa ta yi ƙara amma ta riƙe. Na sauka, goshina ya taɓa tabarma, na ji ƙanshin kaba da sanyin ƙasa a ƙarƙashinta, numfashina yana shiga yana fita lafiya lau. Na daɗe a nan fiye da yadda ya kamata, don akwai wadda nake roƙa wa alheri, ita da mijinta da 'ya'yanta. Sannan na dafa ƙasa na miƙe tsaye, na kawo sauran raka'o'in.

Da na sallame na ga maigida bai tafi masallaci ba, yana tsaye da buta a hannu. Ya jima yana kallona, sannan ya ce, "Ashe abin da kika je nema ke nan." Ya juya zai fita, ya sake waiwayowa. "Ita 'yar'uwar taki, wane irin zane take so?"

Na ce ya sayo mata mai kyau, amma kada ya yi faɗi, don rabinsa ma zai zagaye ta.