Kawu Tsintuwa da Muryar Baba

Kawuna, ƙanin Mama, ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan ɗaki a bayan tashar mota, inda ake ajiye kayan da matafiya suka manta. Laima, tabarau, takalmin yaro ƙafa ɗaya, har haƙoran roba ya taɓa adanawa. Shi ya sa kowa ke ce masa Kawu Tsintuwa, kuma ko a jikinsa. Mutum ne mai rowar magana, abin har haushi yake ba ni, ni da bakina ba ya hutawa. In ka zo kana ba shi labarin ɓatan jakarka tun daga fitowarka gida, sai ya ɗaga hannu: "Wanda ya tsinta bai san wannan ba. Me ya gani?"

Bayan rasuwar Baba, wata rana ina yi wa Mama kitso a shagona sai ta ce, "Kin san na fara manta muryarsa?" Ba mu da muryarsa ko a waya. Amma na tuna gidan rediyo sun taɓa hira da shi a teburinsa na gyaran agogo, kuma an ce sun zuba tsofaffin shirye-shiryensu a shafinsu na intanet.

Na buɗe shafin, na ga gurbin bincike, na zage damtse: "Salamu alaikum, don Allah ina neman hirar da kuka yi da mahaifina," har da sunansa da na kakanmu. Babu. Na ƙara bayani, babu. Kai, saura kaɗan in rotsa wayar da ƙasa!

Ina cikin masifa Kawu ya shigo gaida yayarsa. Shi da wayarsa ma mai madannai ce, amma ya ce in karanto masa abin da na rubuta.

"Har sallama kika yi masa? Ya amsa?"

Mama ta tuntsire da dariya, ni kuwa na turo baki.

"Goge duka," in ji shi. "Wanda ya ajiye hirar nan bai san babanki ba. Me ya gani?"

"Mai gyaran agogo."

"To rubuta gyaran agogo, ki ja bakinki ki yi shiru."

Sai ga shirye-shirye tuli guda. Ya tambaya ko akwai wajen zaɓar shekara, don su ma a tasha shekara-shekara suke jera kaya. Akwai kuwa, can gefe, ban ko kula ba. Mama ta ce an yi hirar ne shekarar da na karye a hannu. Na zaɓa, suka ragu zuwa 'yan kaɗan. Ɗaya an rubuta masa "Sana'ar hannu: gyaran agogo", ko sunan Baba babu.

Wallahi har gobe in na tuna sai na yi wa Kawu addu'a. Allah ya saka masa, ya yafe min gorin da nake masa na rashin magana.

Na danna. Farko ƙarar agogo muka ji, sannan wani ɗan tari. Mama ta damƙe hannuna tun kafin a ce komai. Sai muryar Baba ta fito, a hankali kamar yadda yake yi in ya shigo gida: "Salamu alaikum."

Mama ta gyara zama, kitsonta rabi, ta amsa masa.