Matar da Ke Tsaron Silifas a Bakin Ruwan Barra

Matata Leocádia ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, tana tsintar wake a kicin. Kafin wata ya zagayo, 'yata Tânia ta rufe gidanmu na Belo Horizonte, ta kwaso ni da littattafaina da kekena ta kawo mu Salvador, ta zuba mu a ɗaki guda a saman bene. Littattafan sun riga ni sabawa.

Ba don labarina aka ba ni wannan shafi ba. Mai tsara mujallar ƙungiyarmu ta masu iyo ya ce in rubuta jinjina ga Dona Zenaide, wadda ta naɗe tabarmarta makon jiya bayan fiye da shekara talatin a bakin ruwan Barra, nan gaɓar tekun Salvador. Ya ce ni ne tsohon malamin adabi, don haka aikina ne. Na karanta jinjina da yawa a rayuwata. Galibi gawa ake yi wa, saboda gawa ba ta gardama. Wannan kuwa tana raye, kuma in jikarta ta karanta mata abin da na rubuta, na san za ta ce na cika surutu.

Bas na farko take shigowa daga unguwarsu, gari bai gama wayewa ba. Ta karɓi amalankenta wurin mai gadi, ta turo shi da kwakwa da adda har gindin tsohuwar ganuwa. Kwakwar ce sana'arta. Amma kafin ta sare ko ɗaya, sai ta shimfiɗa wata tsohuwar tabarma a kan rairayi. Masu iyo su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire silifas ɗinsa ya ajiye a kai, ya nufi ruwa. Ba ta ba da lamba, ba ta tambayar suna. Ƙafa take ganewa. Babu wanda ya ɗauke ta wannan aiki, babu wanda ya taɓa kiransa aiki ma. Doka ɗaya gare ta: ba ta tashi sai an ɗauki silifas na ƙarshe.

Wanda bai taɓa shiga teku ba zai ce tsaron takalma take yi. Mu da muke shiga mun san abin da take tsaro. Duk silifas da ke kan tabarmar nan mutum ne da bai fito ba tukuna.

Dokta Otávio, likitan haƙori, ya fi kowa sanin haka, ko da yake ba ya son a tuna masa. Wata safiya jijiyar ƙafa ta riƙe shi can bayan jar gangar da ke shawagi a matsayin iyaka. Abokan iyonsa sun fito, sun sha kwakwa, sun tafi aiki, kowa yana zaton ya riga shi fita. Nilton, mai ceton masu nutsewa, shi ya ba ni labarin. Ya ce yana zaune kan kujerarsa sai ga ta da baƙaƙen silifas a hannu.

"Nilton, tashi. Mai cire haƙora bai fito ba."

"Dona, ai na ga ya fita."

"Da wace ƙafa? Ga ƙafafunsa a hannuna."

An same shi rungume da ganga, leɓɓansa sun yi shuɗi. Da aka kawo shi gaɓa, bai gama tari ba ta miƙa masa silifas ɗin ta ce, "Ɗana, gobe ka ci ayaba kafin ka zo ka ba mu wahala." Jarida ta buga hoton Nilton. Ba laifi, shi ya jiƙe.

Ba kullum abin ke zama na jarumta ba. Akwai ranar da ta sa aka fitar da kwalekwale biyu saboda jajayen silifas na Rosângela ma'aikaciyar banki, alhali ita Rosângela ta fita ta wata gaɓar, ta haɗu da wani tsohon saurayi, ta bi shi shan kofi ba takalmi. Washegari ta zo tana sunkuyar da kai. Dona Zenaide ta ce, "In za ki gudu da namiji, 'yata, ki zo ki ɗauki takalmanki tukuna. Ni ba zan faɗa wa kowa ba." Ta faɗa wa kowa.

Ni kuwa, ga yadda na faɗa hannunta. Tun ina da shekara arba'in nake shiga gasar nan mai wahala uku, wadda mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, duk don a rataya masa guntun ƙarfe a wuya a ba shi ayaba. Leocádia ba ta taɓa ganin amfanin abin ba, kuma ba ta taɓa fashin zuwa ba. Tana zama a bakin tafkin iyo da tawul a cinya, in na ɗago kai ta ce, "Aristides, wa ke korarka?" Bayan rasuwarta na gano abin da shekara ashirin da wani abu na motsa jiki ba su koya min ba: ashe ba don lafiya nake tashi da asuba ba, ba don ƙarfen wuya ba. Ina tashi ne don akwai mai yi min dariya.

A Salvador na rataye keken a bango. Takalman gudu suka zama matattarar ƙura. Tânia, wadda ke fita aiki kafin in farka ta dawo bayan na gaji da jira, ta ce, "Baba, ga teku a ƙofar gida, mutane kuɗi suke biya su zo." Na ce mata mutane suna biyan kuɗi su ga kura ma. Duk da haka na fara sauka bakin ruwa da safe, da wandon iyo a ƙarƙashin wando, da littafi a hannu. In zauna kan dakalin ganuwa, in karanta shafi ɗaya sau biyar, in koma gida a bushe.

Mutumin tudu ne ni. A tafki na koyi iyo, inda akwai baƙin layi a ƙasa yana nuna maka hanya, akwai kuma bango a ƙarshe. Bangon ne ke juyo da kai, ba sai ka yi shawara ba. Teku ba shi da bango. In ka miƙa, kai za ka yanke wa kanka lokacin juyowa, kuma sai kana da dalili. Na duba kaina a lokacin, ban tabbata ina da shi ba. Abin da ya zaunar da ni a kan dakali ke nan. Ba tsoron ruwa ba ne.

Silifas ɗina sun ɓace a ƙaura. Na Leocádia ne na samu a jakar keke, ruwan ɗorawa, ƙanana, diddigena yana sharar ƙasa in na sa. Su nake sawa. Wata safiya na cire su ina kakkaɓe rairayi, sai hannu ya zo ya ɗauke. Na ɗaga kai, mai kwakwar ce.

"Sarkina, kai ɗan sanda ne ko mai neman aure? Kullum kana zaune kana kallonmu."

"Karatu nake yi."

"Da waɗannan kafaɗun? Kafaɗun mai iyo ne. Je ka jiƙa su."

"Ban zo shiga ruwa ba, Dona."

"Ban tambaye ka ba. An jima kaɗan rairayin nan zai soya ƙwai. Ko ka shiga ruwa, ko ka taka wuta zuwa gida. Ba na ba busasshen mutum takalmi."

Ta dubi silifas ɗin, ta dubi ƙafafuna, ta sake duban silifas ɗin. Na jira tambayar da kowa zai yi. Ba ta yi ba. Ba ta sa su a kan tabarma cikin sauran ba, ta tura su ƙarƙashin amalanke, cikin inuwa. Ta ce, "Waɗannan ba sa son rana." A nan suka zauna kowace safiya har shekara huɗu.

Na shiga ruwan ranar, cikin fushi, na sha gishiri, na fito ina zagi a zuci. Washegari na dawo don in gaya mata ba ta da iko da ni. Na ajiye silifas, na shiga.

Ke ce, Dona Zenaide, kika tambaye ni me ya sa cinyoyina suka fi hannuwana, na ba ki labarin keken, kika ce, "Ka rataye shi a bango kamar busasshen kifi? Sauko da shi, kwakwata ta fi daɗi ga mai gumi." Ke ce kika haɗa ni da masu hawan keke na ranar Asabar, ba don kin san keke ba, sai don kin san wanda ke zuwa shi kaɗai ya tafi shi kaɗai. Ke ce in na yi fashin kwana biyu kike tarbata da, "Au, ashe ba ka mutu ba? Na riga na ba wa wani wurinka." Ba ki taɓa ba wa kowa ba. Na karanta littattafai masu kauri a kan abin da ke sa mutum ya ci gaba da rayuwa, waɗanda manyan mutane suka rubuta a ɗakuna masu ɗumi. Babu wanda ya ambaci tabarma.

Akwai wata rana a shekarar farko, ranar da Leocádia ta cika shekara da rasuwa. Na shiga ruwa da sassafe, na wuce jar ganga, ban fito ba sai da rana ta take tsaka. Na samu tabarma fayau, babu komai a kai. Nilton yana tsaye a ruwa har ƙugu da usur a baki, ita kuma tana bayansa, siket ɗinta jiƙe, silifas ruwan ɗorawa a hannu.

"Ka ɓata min rana, Farfesa. Bas ya tafi."

"Na ɓata hanya ne."

"Ba a ɓata hanya a ruwan nan. Ga ganuwa ƙatuwa tana kallonka." Ta sare kwakwa ta danna min a ƙirji. "Sha. Gobe da wuri za ka zo. Ba roƙo nake ba."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka.

A shekara ta biyu na sake shiga gasa. A nan Barra aka fara iyon, don haka na ajiye mata silifas kamar kullum. Na yi iyo, na hau keke, na yi gudu, ko abin da ya yi kama da gudu. A cikin tsofaffi sa'o'ina mutum ɗaya kawai na riga, shi ma na ji an ce tayarsa ce ta fashe. Wurin ƙarewa ya cika da mata masu riƙe da tawul. Na wuce su da sauri. Da la'asar na ja ƙafa zuwa gindin ganuwa, ƙarfe a wuya, na same ta ta ɗaure amalanke tana zaune a kai.

"Ka ci gasar?"

"A'a."

"To me ya tsayar da kai?"

Wannan ita ce dariyar farko da na yi a garin nan da ba ta ladabi ba ce.

Yanzu gwiwoyinta sun ƙi. Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa garin Cachoeira, inda za ta zauna a baranda ta riƙa ba wa maƙwabta umarni. Ƙungiyarmu, cikin hikimarta, ta sayi akwatunan ƙarfe masu makulli don ajiyar kaya. Suna da kyau, ba sa tsatsa. Akwati ba ya ɗaga kai ya dubi teku. Ba ya sanin wanda ya daɗe. Ku da kuka tafa mata ranar bankwana kuka ci kek, ba tafi ake bukata ba. Tabarmar tana nan wurin mai gadi. Kowa a cikinku yana da safiya ɗaya da zai iya zama a bushe ya jira na ƙarshe ya fito. In ma ba ku zuwa bakin ruwa, ku duba benen da kuke ciki, akwai wani da ya zo garin nan bai san kowa ba, wanda in ya yi mako bai sauko ba babu mai lura. Ba sai kun ƙaunace shi ba. Ku lura kawai, ku kuma gaya masa kun lura, ko da da baƙar magana.

Mun gode, Dona Zenaide, uwar masu fita ba takalmi. Allah Ya ba gwiwoyin nan hutu, Ya ba mutanen Cachoeira haƙuri.

Ranarki ta ƙarshe na shiga ruwa da gangan don in shirya abin da zan faɗa miki. Na tsara shi tsaf, na gyara, kamar yadda nake gyara wa ɗalibai rubutu. Na fito ni ne na ƙarshe. Motar ɗanki tana ta hon a titi, kin ƙi motsawa. Kika miƙo min silifas, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ruwan yau da sanyi." Kika ce, "Kullum da ƙorafi," kika dafa kafaɗata kika hau matakala.

Ga abin da na tsara. Ranar nan da na wuce jar ganga, ban ɓata hanya ba. Ina ganin ganuwa sarai, na ci gaba da miƙewa, kuma babu abin da ke bayana da ya isa ya juyo da ni. Sai na tuna akwai wata mace a gaɓa mai taurin kai, wadda za ta zauna da takalman matata a cinya har dare, ba za ta tafi gida ba. Na juyo ne don kada ki rasa bas. Kin rasa shi duk da haka, kuma ban taɓa ba ki haƙuri ba.