Yadda Salmanu Mai Walda Ya Kusa Aurar da Matarsa

Idan ka biyo layinmu a Tudun Wadar Zariya da hantsi, kafin ka ga Salmanu za ka ji shi. Ƙarar guduma a kan ƙarfe, sai tartsatsin wuta, sai wani ƙaton mutum ya ɗage baƙin gilashi daga fuskarsa ya yi maka sannu da wata 'yar murya kamar ta mai neman afuwa. Shi ne Salmanu Mai Walda. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, kuma tun firamare muke tare. Abin da zan faɗa a nan yawanci da idona na gani. Wanda ban gani ba matarsa ce ta ba ni, ita kuwa ba ta rage wa labari gishiri.

Salmanu yana sakandare babansu ya rasu, ya bar masa uwa mai ciwon ƙafa da ƙanne mata huɗu. Ya ajiye biro ya ɗauki guduma. Ya koyi ƙofa, ya koyi taga, ya koyi gado. Idan ka zaga Hanwa ka ga ƙofar gida mai hoton tauraro a tsakiya, tasa ce. Da gudumar nan ya yi wa ƙannensa makaranta, da ita ya aurar da su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da gadon ƙarfen da ya ƙera mata da hannunsa. Ranar da aka kai Fiddausi, autarsu, ɗakin miji, ya dawo ya duba madubi ya ga furfura ta fara leƙo shi ta gemu. Ya ba arba'in baya, ko budurwar kirki bai taɓa yi ba. A majalisa Uban Amare muke ce masa. Ba ya fushi, murmushi kawai yake yi.

Abu ɗaya ne ke razana wannan ƙaton a duniya: allura. Mutumin da ke ɗaukar ƙarfe da zafinsa ya juya shi kamar mai juya tsire, in ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu. Ko ni na zaro tawa zan ɗinka masa maɓalli, kau da kai yake yi ya fara karanta allon shagon maƙwabta.

Juwairiyya 'yar Gyallesu ce, mijinta ya rasu da daɗewa, tana suyar waina a ƙofar gidansu. Gajera ce, amma bakinta ya fi ta tsawo. Wata rana ta kawo wa Salmanu murhun gawayi ƙafarsa ɗaya ta cire. Ya gyara. Ba a jima ba murhu ya dawo, wai hannunsa ya yi motsi. Ya gyara. Murhun nan ya yi ta zuwa shagon kamar mai ciki da awo. Na ce masa, "Salmanu, ko dai waldarka ce ta lalace, ko kuma matar nan guduma take sa wa murhun da kanta." Ya ce in ji tsoron Allah. Amma tun daga ranar ya fara kawo mini kaftani in rage masa ciki.

Magana ta yi nisa, manya suka shiga, aka kai gaisuwa, aka sa biki bayan Babbar Salla. Salmanu ya fara shafa turare a kan ƙaurin ƙarfe. Mu kuwa muka fara neman sabon sunan da za mu sa masa.

Sai ciwon ciki ya kwantar da Juwairiyya. Likita ya ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ba zai taɓa ta ba sai an kawo jini. Matsalar ita ce jinin nata irin mai wuyar samu ne. Dangi suka yi layi a asibiti, aka gwada wannan, aka gwada wancan, babu. Ni ma na miƙa yatsa, aka ce nawa irin na kowa da kowa ne, kamar ruwan rijiyar masallaci. Salmanu yana can gefe, rungume da kular abinci, ya juya wa ɗakin gwajin baya.

Mai ɗibar jinin wata nas ce, Sista Nneoma, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Zazzau. Ta leƙo ta hango shi.

"Kai, mai kula! Wannan jikin duk na ado ne? Zo nan."

"Sista, ni abinci na kawo."

"Na gani. Jini kuma a gida ka baro shi?"

Muka tura shi ciki. Tsinin da aka soka masa a yatsa bai kai ƙayar kifi ba, amma sai da ya zauna a ƙasa. Da sakamako ya fito, nasa ne kaɗai ya dace. Sista ta ce ya je ya ci wani abu ya dawo, yau ɗin nan za a ɗiba, domin likita ya ce aikin ba zai jira ba. Ni na fita sayo masa maltina da madarar gwangwani. A wannan fitar tawa ce ɓarna ta auku.

A cikin 'yan dubiya akwai Baba Salisu, tsohon masinja, maƙwabcin su Juwairiyya. Dattijo ne mai kirki, ba ya rasa jana'iza, ba ya rasa suna, sai dai tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa tambayar da ya ce bai sani ba. Wani lokaci ma ba ya jira a tambaye shi. Ya ja Salmanu gindin mangwaro.

"Ɗana, ka san abin da za ka aikata kuwa?"

"Allurar ce dai, Baba. Ina ta addu'a."

"Wa ke maganar allura? Yara biyu in suka sha nonon mace ɗaya, akwai aure tsakaninsu?"

"Babu."

"To nono ke nan, da yake fari. Ina ga jini, wanda shi ne uwar nonon? Jininka na shiga jikin yarinyar nan ta zama ƙanwarka. Aure ya tashi."

Daga baya Salmanu ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar ƙofar ƙarfe ta faɗo masa a ƙirji. Ya ce, "Baba, babu wata hanya?"

"Akwai. Ka ƙi bayarwa, a nemo wani."

Wanin kuwa an neme shi tun safe ba a same shi ba. Kafin Salmanu ya rufe baki Sista ta ƙwala masa kira daga baranda. Ina isowa da leda a hannu na gan shi ya ajiye kula, ya miƙe, ya naɗe hannun riga da kansa, ya shiga ba wanda ya tura shi. Na yi mamaki. Ta taga na leƙa, yana kwance, idanunsa a buɗe suna kallon rufi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Na ce a raina tsoron allura ne, har na tanadi abin da zan ba majalisa. Da aka gama ya miƙe tsaye, ya ce wa Sista ya gode, sannan ya sulale ƙasa kamar buhun da aka zare wa igiya. Mu huɗu muka ɗaga shi.

Aiki ya yi kyau, aka sallami Juwairiyya. Sai Salmanu ya ɗauke ƙafa daga Gyallesu. Kayan dubiya ba su yanke ba: hanta, ayaba, madara, duk ta hannun Fiddausi, da saƙon a gaishe da mai jiki. Amma shi ko inuwarsa. Turare ya ɓace. Kaftanin da na rage masa ya fara yi masa yawa. In na tambaye shi sai ya ce aiki ne ya sha kansa. Da ya faɗa mini tun ranar, da dariya ɗaya ta kashe maganar. Amma Salmanu tun yana yaro ya saba haɗiye abu shi kaɗai, kuma a wajensa maganar dattijo ba a kai ta kasuwa.

Aikin da ya sha kansa kuwa gado ne. Ban taɓa ganin ya zuba wa ƙarfe basira irin haka ba: furanni a kai, tauraro a tsakiya, ƙafafu kamar na kujerar ofishin manya. Na ce, "Ango, wannan gadon ai sai a ji kunyar hawansa." Ya ci gaba da goge ƙarfensa.

Ashe gadon ba nasa ba ne. Ya aika wa kawun Juwairiyya cewa ya janye, bisa wani dalili da ba zai iya faɗa ba. Amma duk ranar da ta samu miji, kayan ɗakinta a wuyansa suke, kamar yadda ya yi wa sauran ƙannensa. Bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa akwai wani malamin makaranta a Hanwa, Malam Auwal, mutumin kirki, ba ya shan ko sigari, in suna so zai yi masa magana.

Gyallesu ta ɗauka. Mata suka ce ai ga dalili a fili, ya ga an tsaga ta ya gudu, yana tsoron ba za ta haihu ba.

Washegari da azahar keke napep ya tsaya a ƙofar shagon. Juwairiyya ta sauko a hankali, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗaya riƙe da lema. Na kashe keken ɗinkina, domin irin wannan ba a jin sa da rabin kunne.

"Salmanu, kashe wutar nan."

Ya kashe.

"Wane ne Malam Auwal?"

"Mutumin kirki ne, wallahi. Yana da..."

"Na tambaye ka miji? Dillalin aure ka koma? In ɗinkin cikina ne ya kore ka, ka faɗa mini a gaban jama'a. Ni ba murhu ba ce da za a gyara a miƙa wa wani."

"Ba haka ba ne, Juwairiyya."

"To yaya ne?"

Ya sunkuyar da kai yana murza safar hannu. "Ke ƙanwata ce yanzu."

Har mai faci ya bar famfonsa.

"Ƙanwarka? Uwa ɗaya ko uba ɗaya?"

"Jini ɗaya."

Ya zayyana mata abin da aka gaya masa a gindin mangwaro. Ni dai dariya ta kama ni har allurata ta soke ni, alhaki nan take. Amma Juwairiyya ba ta yi dariya ba.

"Kafin ka shiga ɗakin ya gaya maka, ko bayan ka fito?"

"Kafin."

"Kuma ka shiga."

"To da in bar ki?"

Ta sauke lemar. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin walda ne, alhali wuta a kashe take. Sannan bakin ya dawo.

"Sa takalminka. Kai kuma tela, tunda kunnenka ya riga ya zo, taso da sauran jikinka. A biya a ɗauko mini Baba Salisu."

Bayan la'asar muka samu limamin unguwa a zaurensa. Ita tana daga bakin ƙofa, mu muna kan tabarma. Liman ya saurara har ƙarshe, na ga rawaninsa yana rawa don dariyar da yake dannewa, ya yi tari ya gyara murya. Ya ce shayarwa hukuncinta daban, jariri ne ke shan nono a cikin shekarunsa na shayarwa, shari'a ta yi bayaninta filla-filla. Ƙarin jini kuwa taimako ne, lada ne, ba ya ƙulla 'yan'uwantaka, ba ya haramta aure.

Ya juya. "Malam Salisu, a wane littafi ka gani?"

"Allah gafarta Malam, ƙiyasi na yi."

"To a bar wa masu shi. In da haka ne, masu ba da jini a kai a kai ai da rabin Zariya ƙannensu ne."

Salmanu ya ɗago kai a hankali. "Malam, wato... babu komai?"

"Akwai. Akwai sadaki, akwai goro."

Daga bakin ƙofa Juwairiyya ta ce, "A tambaye shi dai, Malam, ko ya riga ya yi wa Malam Auwal alkawari."

An ɗaura aure a ranar da aka sa tun farko. Baba Salisu ne ya fi kowa zuwa da wuri, yana gaya wa mutane cewa shi dama gwada zuciyar yaron ya yi. Gadon da aka ƙera wa Malam Auwal, bawan Allah da har yau bai san ya kusa yin mata ba, sai da aka cire ƙyauren ɗakin Salmanu kafin ya shiga.

Tun daga nan rayuwarsa ta ɗauki wata hanya. Sista Nneoma ta riƙe lambar wayarsa, in an rasa irin jininsa sai ta kira, in lokacin sake bayarwa ya yi ya ajiye guduma ya tafi. Ya bi 'yan acaɓa da masu keken layinmu da lallashi har yawancinsu suka je aka gwada su, kowa ya san irin nasa. Yanzu in mai haihuwa ta shiga wani hali a unguwar nan, shagon walda ake fara aikowa. Kada ka ce ya daina tsoro. Har gobe sai ya cusa hularsa a baki ya runtse ido, Sista tana yi masa tsiya. Amma duk sabon da ya kai, kafin a soka masa allura sai Salmanu ya dafa shi ya ce, "In akwai wadda kake nema, kada ka damu, na tambayi Liman."

Juwairiyya ta dawo da suyar wainarta ƙofar gidansa, murhun kuma bai sake karyewa ba. In ya yi mata ƙorafin taurin kai sai ta ce ita da can mai sanyin hali ce, jininsa ne ke aiki. In kuwa ya makara a majalisa, za ka ji murya daga cikin gida har bakin titi: "Yaya Salmanu! A zo a ci tuwo, ko in aika Hanwa wajen Malam Auwal?"

Ba ya bari ta kira sau biyu.